Motar da Aka Ce Ba Ta da Birki

Kai mai saurin cewa abu ya mutu don kawai ya girme ka, zauna ka ji misali. An yi wani direba da ya tuƙa baturen gyaɗa shekaru masu yawa. Da baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa motarsa, wata baƙa doguwa da aka ƙera tun kafin yaƙin Bama, kujerun fata, gabanta katako mai sheƙi, fitilu kamar idon bijimi. Kowace Juma'a sai direban ya tayar da ita ya zaga gari, matarsa na gefensa, har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Matar na fita takaba, ƙannen mijin suka zo rabon gado, suka ce wannan ai gawar ƙarfe ce, a kira maƙera su sassare ta su yi garma da fartanya. Ita ko ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma shekara arba'in tana cinikin man gyaɗa a kasuwa ba wanda ya taɓa yi mata wayo. Ta ce ba mai ɗora guduma a kan motar malam sai an gwada ta a hanya. In ta kasa, ga ta ga maƙera. In ko ta kai bakin gulbi ta dawo da ƙafarta, to motar ce tumuninta na gado, ba ta son gona ba ta son awaki. Suka yi dariya suka yarda, ta ce dariya ba shaida ba ce, a kira liman da mai unguwa. Aka kira su, suka ji da kunnensu.

Aka ɗauko makanike daga birni, mai takardar shaida da baƙin tabarau. Ya daɗe yana laluben inda ake murɗa makulli, sai da matar ta nuna masa ƙarfen da ake zurawa a hancin motar a juya. Juyi uku, inji ya kama, yana numfashi a hankali kamar mai barci. Ya shiga ya ja ta. Da ya zo kwanar gidan ya taka abin tsakiya don ya tsaya, sai mota ta zabura ta kwashe dangar maƙwabta, kaji suka watse, ta je ta mace a cikin kubewa. Ya fito yana karkaɗe riga ya ce ba ta da birki ko kaɗan, a sare. Ƙannen miji har sun fara tura a kira maƙera, matar ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta sha gaban makanike. "Ɗan nan, wa ya koya maka mota? Totur ka taka! Nata a tsakiya yake, birkin na dama. Shekara talatin ina kallon ƙafar malam. Koma ciki, ni ma zan shiga." Kunya ta kama shi, ya koma ciki. Ta zauna a gefensa tana ba shi umarni kamar ɗan koyo, taka kuloci sau biyu kafin ka sa giya, kada ka yi mata dole, saurari kukanta. Suka hau hanyar gulbi mai gargada, wadda motocin yanzu ke bi suna kakkarwa, ita ko tana lafewa kamar kwalekwale a kan ruwa. A hawan dutse ba ta yi tari ba, a gangara ya taka na dama ta tsaya cak. Suka taɓa bakin gulbi suka juyo.

Da suka iso, makanike ya cire tabaransa ya faɗa a gaban liman cewa bai taɓa jin inji mai lafiyar wannan ba, ya kuma roƙi ta sayar masa. Ta ce ya fara gyara dangar da ya karya. Babban ƙanen mijin ya soma cewa ai a sake duba rabon, ta ce ya duba fuskar liman tukuna. Aka bar mata motarta. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.