Akori-kurar da Ke Tafasa da Kaka

Gyara zama in ba ka wani misali, tunda na ga kai ma ba ka yarda ciwo ciwo ne sai an kira masa babban suna.

An yi wani direba a wani ƙauye, yana da tsohuwar akori-kura da ya gada a wurin mahaifinsa. Motar ta girme wa ɗansa na fari, fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu, amma ba ta taɓa kwana da shi a daji ba. Ita ke kai hatsin garin kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, shi kuwa yana ƙaunarta ƙauna ta gaske. Da kaka ta yi, aiki ya kankama, sai ya shiga ajiye ta a gindin tsamiyar bakin masussuka don a riƙa loda buhuna ba sai an yi dako ba. Ga shi ba ya kashe ta in ana lodi, don batirinta ya yi sanyi, in ta mutu sai an tura. Haka za ta yi ta gurnani, hancinta na kallon inda mata ke sheƙa, iska na kwasar ƙaiƙayi tana watsa mata. Wata rana goggonsa ta sauke ƙwarya ta ce, "Kai ɗan nan, juya motar nan. Ko jaki ba a ɗaure shi inda iskar sheƙa ke bi." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Haba Goggo, ƙarfe ce fa, ba ta atishawa."

Ba a yi mako biyu ba mota ta fara zafi. Da zarar ta kama hawan tudun da ke kan hanyar kasuwa, sai allurar gwada zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Sai ya faka, ya jira ta huce, don ya san ba a buɗe lagireto yana tafasa, sannan ya ɗura mata ruwan jarka. Ya canza fambel mai juya fanka, ya canza tiyo, ya canza murfin lagireto, ya canza famfon ruwa, duk a banza, wai an yi wa kare wanka. A tasha kuwa kowa likita ne: wannan ya ce gaskit na kan inji ya ƙone, wancan ya ce injin ya gama yayinsa. Har wani mai sayen tsofaffin motoci yana farfasawa ya soma kawo masa gaisuwar da ba a saba ba, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta. Abin ya dami direba ƙwarai, tuwo ma ya daina yi masa daɗi. Ya ƙudura cewa zai kai ta wurin wani tsohon bakanike a birni, in shi ma ya ce injin ya mutu, to shi ke nan, sai ya miƙa mukulli a farfasa motar mahaifinsa.

Da ya kai motar, tsohon bai ɗauki sifana ba. Ya zaro sandar gwada mai ya duba, ya ga man baƙi ne wuluk, ruwa bai gauraya da shi ba. Ya sa aka tayar da motar da sanyinta, ya leƙa bakin lagireto, babu kumfa. Ya zagaya baya, bututun salansa ba ya fitar da farin hayaƙi. Ya duƙa ƙarƙashi, ko ɗigo babu. Ya ce, "Injinka lafiya lau yake, Alhaji. Amma ruwa ba ya tsami banza." Sai ya ɗora tafin hannunsa a gaban lagireto, fanka na juyawa, bai ji tana jan iska ba. Ya sa aka kashe, ya karyo tsinken tsintsiya ya soka a 'yan ramukan ƙarfen. Abin da ya fito ƙaiƙayin gero ne, ya haɗu da maiƙon inji ya dunƙule kamar ƙuli-ƙuli, ya toshe ko'ina. Tsohon ya murza shi a yatsa, ya shinshina, ya ce, "A ina baiwar Allah nan take yini?" Sai kunya ta kama direba, don muryar goggonsa ya ji a kunnensa.

Aka ciro lagireto aka feshe shi da ruwa ta baya, har sai da aka ɗaga shi sama hasken rana ya ratsa. Ranar kasuwa mota ta haye tudun nan da lodi har saman ƙarfe, allura na tsaye a tsakiya ko motsi ba ta yi. Murna ta kama shi, har ya riƙa shafa sitiyari yana hamdala. Da ya dawo, ya faka can bayan tsamiya, gindin motar na kallon iska, ya je ya durƙusa ya miƙa wa goggonsa ƙullin goro. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce, "To, ta daina atishawar?"

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.