Jiki Bai Ji Labari Ba

Kwana tara da rasuwar ƙanina, jariri ɗan wata huɗu, Mma ta koma rumfarta ta albasa a kasuwar Bawku. Ina zaune kan buhu kusa da ita, shekarata bakwai. Bayan la'asar wata mata ta tsaya tana taya albasa, goyonta ya fashe da kuka. Sai na ga gaban rigar Mma ya jiƙe wuri biyu.

Na ce, "Mma, ruwa ya zube miki."

Ta dubi ƙirjinta, ta ja mayafi ta rufe. Ta ce, "Nono ne. Jiki bai ji labari ba tukuna." Ta ci gaba da kasa albasarta.

Yanzu ina koyar da kimiyya a Yendi. Nakan zana wa ɗalibai yadda kunne ke jin kukan jariri, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari cikin jini, ya isa ƙwayoyin halittar da ke mama, su matse, nono ya zubo. Su kwafa, in goge allo. Ban taɓa gaya musu ba cewa duk cikin zanen babu kibiyar da ke kai saƙon rasuwa.