Mai Gyaran Keke da Ƙauyen Kan Dutse

Kai da ka ga an aza harsashin gida har ka fara auna labule, zauna ka ji misali.

An yi wani mai gyaran keke, mutumin ƙasar shimfiɗe, inda in ka hango rimin gari to ka iso, sai dai ka karkaɗe wando. Shekara arba'in yana kan sirdi. Ɗansa yana aiki a wani tsibiri cikin Bahar Rum, a ƙauye can bisa dutse. Da aka yi wa ɗan haihuwar fari sai ya aiko a kawo masa tsohon, ya ce ba mai raɗa wa yaron suna sai kakansa. Jirgin ruwa ya sauke shi a gaɓa da hantsin ranar suna, an kuwa sa raɗi bayan azahar don abokan aikin ɗan su samu zuwa. A waya ɗan ya ce, "Baba, ka samu inuwa ka zauna, motar ƙauye na tashi sha biyu." Tsoho kuwa idonsa ya riga ya faɗa kan kekunan haya da aka jera bakin tasha, sirara kamar ƙafar sauro. Ya ce, "Ni za ka cusa a mota kamar buhun gero? Ka gaya wa abokina jariri ya shirya, kafin motarku ta yi tari na iso."

Mai haya ya cika masa gora biyu da ruwa, ya nuna masa tsohuwar hanya wadda mahaya keke ke bi, don motoci sun koma sabuwa ta bayan dutse. Hanya ce shiru, kwalta sumul, ba rami ba hon. Ba ka jin komai sai ƙararrawar awaki da raɗar sarƙa. Itatuwan zaitun dama da hagu, teku kuwa can ƙasa kamar zanen da aka tsamo daga marina. A ba shi haƙƙinsa, mutumin nan ya iya hawa. Bai yi gaggawa ba, ya sassauta giyar keken, yana taka feda kamar mai daka da hankali.

Rana ta kusa tsaka ya sha wata kwana, sai ga ƙauyen a gabansa, fari fat, har yana iya ƙirga tagogi. A daidai wurin akwai ruwa mai sanyi yana fitowa daga jikin dutse yana zuba a kwami. Al'adar hanyar ce, duk mahayin da ya zo nan ya cika gorunansa, ko da bai taɓa su ba. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya tana shayar da awakinta a wurin. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ta nuna masa bakin ruwan. Shi kuwa ya nuna mata ƙauyen, ya yi dariya. Mai gyaran keke ne, ya san nauyin kowace ƙusa. Ya ce a ransa, me zan yi da kayan ruwa ga gari a hancina? Ya kurɓi tafi ɗaya, ya tuttular da gorunan nan biyu a gindin zaitun don keke ya yi sauƙi. Tsohuwa ta sa sandarta ta zana masa a ƙasa: layi ya gangara, ya lanƙwashe, ya sake lanƙwashewa, sannan ya hau. Ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa mai surutu, ya wuce.

Bai yi nisa ba hanya ta juya wa ƙauyen baya. Ashe tsakaninsu akwai kwazazzabo mai zurfi. Ta gangara da shi har gindi, inda kogi ya ƙafe sai fararen duwatsu, sannan ta fara hawa tana nannaɗewa kamar igiyar guga. Ba inuwa, ba mota, waya ta yi gum. Duk kwanar da ya sha sai ya ga ƙauyen nan, yana nan inda yake, bai matso ba. Harshe ya zama kamar busasshen ƙirgi. Ƙafar da ba ta taɓa ba shi kunya ba ta ɗaure. Ya sauka ya tura. Da turawar ta gagara ya raɓa jikin wani dutse ya zauna, yana kallon inuwarsa tana tsawo, ya san azahar ta wuce.

Sai la'asar sakaliya ya shiga ƙauye, yana jan keke kamar akuya mai gardama. An jira shi har baƙi suka fara duban hanya, aka fita nema ta sabuwar hanya ba a gan shi ba, daga baya wani dattijo cikin abokan aikin ya raɗa sunan. Rago ma har an soya. Ɗan ya miƙo masa ruwa. Tsoho ya sha kofi uku kafin murya ta dawo. Aka ɗora masa jariri a cinya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Abokina, tun kafin rana ta take nake kallon tagar ɗakinka."

Ruwan da ya zubar bai kai nauyin jaririn nan ba. Shi ya sa masu iya magana suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.