Idan Kusanci Ya Yi Yawa

Suhail ya tarar da Tayyiba tsaye a zauren gidansu na Ƙofar Gayan. Yau ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Binciken nan naka na jami'a," ta ce, kanta a sunkuye, "sake yi min bayaninsa."

Ya yi murmushin yaƙe. "Lissafin ƙarfin da ke riƙe 'yan ƙwayoyin tsakiyar zarra nake yi. In suna nesa, ba ruwansu da juna. In sun matso, sai su riƙe juna gam."

"In kusancin ya yi yawa fa?"

"Sai ƙarfin ya juye, ya hankaɗe su. Nan ne lissafina ya cije."

Sai yanzu ta ɗago, idanunta jawur.

"Goggo Asama'u tana ciki tun hantsi. Ta rantse wa Baba cewa lokacin da Innarka ta kwanta jinya kana jariri, marigayiya Mamata ce ta shayar da kai."

Suhail ya dafa bango.

Daga cikin gida muryar mahaifinta ta taso, a sanyaye. "Suhail, shigo ciki, ɗana."

Tunda yake zuwa zance gidan nan, ba a taɓa ce masa ya wuce zaure ba.