Takun Wani

Tun da aka kafa dokar cewa duk ƙafar roba da ba a sabunta manhajarta ba za ta kulle kanta, rumfar Barira mai gyara ba ta rabuwa da layi ranar kasuwar Gumel. Tanimu ya iso bayan azahar, ƙafarsa ta hagu, ta roba, har ta fara sandarewa.

"Baba, yau sabis ba ƙarfi," in ji Barira. "In duka sabuwar manhajar za a sauke, sai dai ka kwana nan."

"In kwana? Matata Kande ba ta gani, wa zai hura mata wuta?"

Barira ta jawo wata ƙafa daga ƙarƙashin benci. "Wannan an riga an sabunta ta. In na haɗa su, taka za ta kwashi abin da ya bambanta kawai. Kafin ka sha ruwa an gama."

"Ta waye?"

"Mai ita ya rasu, Allah ya jiƙansa."

Haka aka yi. A hanyar gida ya ji ƙafar tana sauri, tana dira dunduniya da ƙarfi. Ɗingishin da ya tsufa da shi ya ɓace, har ya ɗan ji daɗi.

Yana shiga zaure ya yi sallama, sai ya ji Kande ta danna sakata daga ciki.

"Ni ne fa, Kande."



"Murya kam, yanzu kowa na iya ara," ta ce a hankali. "Amma ban san wannan takun ba. Bawan Allah, tsaya daga nan, maigidan bai dawo ba."