Littattafan Bayan Gilashi

Kai da ka zo kana tambayar wane littafi za ka saya wa 'ya'yanka, tun ba ka saya ba har ka fara lissafin inda za ka kulle shi kada su yaga, gyara zama ka ji abin da ya sami wani malamin asibiti.

Mutumin nan Allah ya ɗora masa son littafi kamar me. In ya je birni yakan manta tsarabar yara, amma ba ya manta littafi: na tatsuniya, na tarihi, na waƙoƙi, har da masu hotunan namun daji. Ya sa kafinta ya yi masa kabad mai gilashi, ya jingina shi da bangon ƙasa na zaurensa, ya jera su reras sunayensu na kallon waje, ya danna kwaɗo. Makullin kuwa a aljihun 'yar cikinsa yake kwana. Duk Juma'a sai ya goge gilashin nan har ya ga fuskarsa a ciki. In shawara ka zo nema, to ka zo gidanta. Zai nuna da yatsa ta bayan gilashi, ya ce wancan ja shi ya dace da yaro mai koyon haɗa baƙi, wancan kore kuwa sai magidancin da hankalinsa ya zauna. Duk abin da masu kanti suka gaya masa ne yake maimaitawa, don shi kansa bai taɓa wuce shafin fari ba, wai yana tanadi sai ya ajiye aiki ya karanta su a natse. Ka ce ya ba ka aro, nan take fuska za ta ɗaure, ya ce hannun mutane ba ya rabo da maiƙo. 'Ya'yan cikinsa ma sai dai su manna hanci a gilashi su haɗiye yawu. Sau ɗaya ya manta kwaɗon a buɗe, autarsa ta faki idonsa ta zare wani ɗan siririn littafin tatsuniya. Ta karanta ta ba ƙawarta, ƙawar ta ba wata, littafi ya shiga gari. Autar nan ta sha bulala ranar da ya gane, ya kuma daɗe ba ya amsa gaisuwarta, a kan takarda fa.

Kwanci tashi ya ajiye aiki, sai ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai damu ba. Ya ce ai dukiyarsa tana nan, jikarsa, 'yar autar nan tasa, ta iya karatu, ita za ta riƙa karanta masa har ƙarshen ransa. Abin da ya rage masa na jin daɗi a duniya ke nan. Ya aika aka kira uwa da 'ya, ya tara abokan hirarsa su shaida buɗe kabad, aka shimfiɗa tabarmi. Kwaɗo ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa mai. Ya yi bismilla ya miƙa hannu ga babban koren nan da ya daɗe yana yi wa mutane talla, ya jawo.

Sai ya ji abin ba nauyi. Gefen bangon littafin kaɗai ya biyo hannunsa, kamar busasshen ganye, bayansa kuwa jar ƙasa ce cunkus. Ya jawo na kusa da shi, haka. Ya kai hannu layin sama, layin ya rufto masa a ƙafa, ƙura ta turnuƙe zaure. Ashe gara ta daɗe da huda bangon ƙasa, ta cinye katakon baya, ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya ta cinye cikinsu ƙarƙaf, ta bar masa gefen da ke kallon haske. Shekara da shekaru sunaye kawai yake goge wa gilashi. Ya durƙusa yana tona ƙasar da yatsu ko zai sami shafi guda, bai samu ba. Abokai suka yi ta salati a hankali. Shi kuwa bakinsa a buɗe, abin da ya iya fita kawai shi ne, "Tun yaushe?"

Autar ta miƙe. Ta fita, jim kaɗan ta dawo da wani abu a gefen mayafi. Ɗan littafin nan ne da ta sha duka a kansa. Bango babu, an ɗinke shi da zare, ga tabon manja, ga na kunu, gefunan sun yi baƙi don yatsu, amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba, don gara ba ta taɓa abin da kullum ake motsawa. Rabin yaran unguwa da shi suka koyi karatu. Jikar ta zauna kusa da kakanta ta fara, ko kallon takardar ba ta cika yi ba. Da idonsa mai yana ya ga leɓunan uwarta na motsi. Ya ji abokansa tsofaffi suna riga yarinyar kai ƙarshen magana, don 'ya'yansu sun sha karanta musu. Da ta tsaya ta haɗiye yawu, shi ne ya matso ya ce, "Sai me ya faru?"

Duk zauren nan shi kaɗai ne bai san ƙarshen labarin ba, shi da ya sayo shi da kuɗinsa. Da ya gane haka sai hawaye.

To ka ji. Je ka sayo musu, ka bar su su yaga. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hana wani, hana kai.