Hawa na Biyu

"Daidai nan yake tsayawa," ta ce wa mai gyaran na'urorin bidiyo, tana ƙwanƙwasa teburinsa da yatsa.

A allon da aka haɗa da na'urar da ta kawo daga gida, mahaifinta ya gama yi wa yayyenta biyar wasiyya ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara zama a gadon asibiti, ya ce, "Ke kuwa Auta..." Sai hoton ya daskare.

Shekara tara ke nan tana sa faifan bidiyon a tsohuwar na'urar gidansu, ta goge shi da bakin mayafi, ta hura masa iska, ta sake sawa. Yayyenta sun ce ta haƙura, ƙarfinsa ne ya ƙare. Ita kuwa ta san ya rasu ba sa ga-maciji da juna. A ranta, da gangan ya kashe kyamarar.

Mai gyara ya ɗaga faifan a haske. "Ko ƙwarzane babu. Irin wannan hawa biyu ne, kamar bene. In na sama ya ƙare, sai hasken na'ura ya nutsa ya karanta na ƙasa. Taku ta tsufa, a matakala take maƙalewa."

Ya sa shi a tasa na'urar. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo.

Leɓen mahaifinta ya motsa. "...naki da yawa, sai ki zauna."

Mai gyara ya nuna mata agogon ƙasan allon. Su biyar ɗin hawa ɗaya suka raba. Nata ita kaɗai, saura awa biyu.

Ta jawo kujera.